Kunun Baba Nomau

Shekarar da damina ta sake yin ƙarya, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Damagaram, wasu a ƙafa, wasu a bayan motar kamiyo. Matan majami'ar Kara-Kara suka girka tukunya a tsakar fili, kowace safiya suna dama kunu da jar dawar taimako. Dibora ce ke riƙe da ludayi. Mace ce mai zuciyar alheri, amma fa akwai murya, in ta ƙwala kira sai an ji a bayan layi.

Cikin masu zuwa akwai wani tsoho, Nomau, manomi daga Dogo, tare da 'yarsa da mijinta da jikoki. Kowa yakan miƙa ƙwarya ban da shi. Yana dai zaune jikin katanga, ƙafafunsa sun fara kumbura, kuma duk wanda ya ga yunwar shekarun nan ya san abin da ke biyo bayan kumburi.

"Baba, taso ka karɓa mana!" in ji Dibora daga bakin tukunya.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Wai ya ƙoshi! Mutumin da iska ke neman kayarwa. Haka aka yi ta yi, har ranar da ta ga ya yunƙura zai tashi ya koma ya zauna. Ta cika ƙwarya, ta ratsa taro, ta dangwarar a gabansa. Tsoho ya kau da kai.

Ta dawo tana huci, ta sami maƙwabciyarta Gana, Babarbariya, wadda ke taya su ɗiban ruwa.

"To, sai ya mutu! Don kunun Kirista ne ya ƙi sha, ko ba haka ba?"

Gana ta sauke tulu. "Kayya, Dibora, bakinki ya fi idonki sauri. Ni da nake shan kunun nan kullum, salla na bari? Dubi wanda ke zaune kusa da shi. Surukinsa ne fa. Dattijon da rumbunsa ya ciyar da gari, shi zai buɗe baki gaban mijin 'yarsa, ga ki kina ƙwala masa kira kamar ɗan lakwal a aji?"

Kunya ta rufe Dibora. Ita a ganinta bautar Allah take yi, ashe a tsaye take kan mutane. Yesu ma da take bi, sai da ya durƙusa kafin ya wanke ƙafafun almajiransa.

Washegari ta bar wa Rahila, ɗaya daga cikin matan majami'ar, ludayi. Ta shimfiɗa tabarma a bayan zanar madafa, inda ido ba ya kaiwa. Ta je wurin tsoho, ta durƙusa, ta sassauta murya.

"Baba, ana son ganinka a ciki."

Ya dube ta, ya daɗe, sannan ya dafa katanga ya biyo ta. Ta kawo ƙwaryar gidanta a rufe da faifai, ta ajiye da hannu biyu.

"Ga ruwa, Baba."

Ta fita, ta tsaya bayan zana, tana roƙon Allah a zuci. Shiru. Har ta fara fid da rai, sai ta ji an janye faifai. Can kuma ta ji ludayi na kankare gindin ƙwarya. Hawaye suka zubo mata.

"Ke, yarinya!"

Dibora mai jikoki ta amsa da sauri, "Na'am, Baba."

"Wa ya dama kunun nan?"

"Ni ce, Baba."

"Tsamiya ta yi yawa. Gobe a rage."

"To, Baba."

Ta ɗauki ƙwaryar, babu ko ɗigo a ciki, ta fito tana dariya tana share ido, tana ta faɗin, "Na gode, ya Ubangiji, na gode." Tunda take, ba a taɓa kushe girkinta ta ji daɗi ba sai ran nan.