Jamusancin Baba Datti

A bakin fangalin albasa na tarar da shi zaune, dafe da ƙirji, ruwa na bi ta ƙarƙashin wandonsa. Wayarsa na gefe, muryar wata Baturiya na ta maimaita magana ɗaya.

"Baba Datti, lafiya?"

"Kashe injin tukuna, Zulkifli. Kada albasata ta ruɓe."

Na kashe. Shinge ne kawai tsakanin lambunsa da namu, inji ɗaya muke ban ruwa da shi. Tun da na gama sakandare nan nake wuni, ina jin sa. Yadda ake biya wa yara karatu haka yake bin Baturiyar: ta faɗa, ya faɗa da ƙarfi, yana rangaji, yana cire ciyawa.

'Yarsa Rufaida aikin jinya take yi a Jamus. Can ta haifi Munawwara, yarinyar ta tashi ba Hausa. Duk Juma'a suna kiran bidiyo. Sai yarinyar ta leƙo, ta ɗaga hannu, ta gudu.

"Jikata ce fa," ya taɓa ce min. "Matata ce. Sauran jikokin har hula suke sace min. Wannan ko sau ɗaya ban tsokane ta ba."

Da yamma da na raka shi gida, matarsa, Inna Barira, ta tsaye masa a zaure.

"Malam, dubi ƙafarka yadda ta kumbura. Gobe sai asibitin Birnin Kudu."

"Sai bayan Juma'a."

"Tsaranka na neman guzurin lahira, kai kana haddar yaren Turawa."

"Wace amarya ce za ta so miji a gadon asibiti? A tsaye za ta gan ni, cikin lambuna."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Kwanakin nan ban sake ba. Ina ban ruwa, kunnena na bayan shinge. In karatun ya tsaya sai gabana ya faɗi, sai na ji tari, sannan ya ɗora. Jimla ɗaya yake ta nanatawa, har ni ma na haddace ta.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗauko shi a mashin, don a unguwarmu waya ba ta kamawa sosai sai kan dutsen da ke lambunsa. Ya sa farar riga. Hawa dutsen sai da ya huta sau da yawa.

Kira ya shigo. Rufaida ta gaishe shi, ta kalli fuskarsa, sannan ta janyo yarinyar.

Baba Datti ya buɗe baki. Babu abin da ya fito sai numfashi. Gumi na bin wuyansa. Yarinyar ta fara zamewa daga hannun uwarta.

Na matsa zan raɗa masa. Ya ture ni da gwiwar hannu.

"Maina firau," ya ce, a hankali, "bo is main esin?" Wato, matata, ina abincina?

Munawwara ta tsaya. Ta kalli uwarta. Sai ta riƙe ƙugu, ta zazzago magana.

Rufaida ta fara, "Baba, cewa ta yi..."

"Yi shiru, na ji! Ta ce na tsufa! Ta ce ba ni da haƙori!" Dariya ta sarƙe da tari, hawaye na zuba. "Ka ji marar kunya, Zulkifli? Ka ji ta?"

Daga dutsen asibiti muka wuce. Bai ƙi ba. Litinin da hantsi ya cika.

Bayan sadakar uku Inna Barira ta zo lambun da wayarsa ƙulle a gefen mayafi, wai in koya mata kiran Rufaida. Muna hawa dutsen, wani saƙo da ya maƙale tun Lahadi ya shigo. Munawwara ce, riƙe da faranti, tana haɗa Hausa da ƙyar.

"Mijina. Ga tuwo."

Inna Barira ta zauna a kan dutsen.

"Sake kunnawa," ta ce.

Na sake. A ƙasa ruwa na shiga fangalin albasa a hankali.