Baba a Cikin Kwamfutar Zayyanu

Ƙanena Zayyanu yana da shagon kwamfuta a Wurno, kusa da tasha, kuma tun ranar da ya buɗe shi bai ƙara yarda akwai abin da ya fi ƙarfinsa ba. Yana buga wa mutane takardu, yana wanke hoto, yana juye wa'azi daga kaset zuwa faifai. A shekarar 2009 ya je Sakkwato ya dawo da wani ɗan abu kore da bai fi tafin hannu ba, ya kwance kwamfutarsa ya cusa shi a cikinta. Ya ce sunansa katin talabijin. Da shi kwamfuta za ta kama tasha kamar akwatin talabijin, ta kuma naɗe duk shirin da ake so a kalla daga baya. Na ce masa Allah ya sa alheri. A raina kuwa cewa na yi ya samu sabon abin ɓata lokaci, don abin da ya fara naɗa dambe ne da kokawa. Ban san watarana ni ce zan zo ina roƙon katin nan ba.

Mahaifinmu, Malam Mode, manomin albasa ne a wani ƙauye gaba da Goronyo. An san shi da abu ɗaya, albasarsa ba ta ruɓewa. Kowa zai zuba tasa a rudu, wato ɗan ɗakin kara da ciyawa da ake ajiyar albasa, kafin damina rabinta ya zama ruwa, ta Baba kuwa tana nan garau. Labari ya kai kunnen masu shirin manoma na gidan talabijin, suka zo da motarsu suka ɗauke shi a gona. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya shiga gonar albasa da ita, abin da ya sa muka yi ta tsokanarsa. Suka ce za a nuna in layi ya zo kansa.

Layi bai zo ba sai da Baba ya rasu. Zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba. Har yanzu in na tuna sai in ji haushin yadda abin ya zo da sauƙi, kamar ba mutum guda aka ɗauke mana ba.

Inna ta shiga takaba. Ba fita, ba kwalliya, daga ɗaki sai tsakar gida. Ana cikin haka mai gabatar da shirin ya aiko da ta'aziyya, ya kuma ce ranar Lahadi bayan la'asar za a nuna Baba. Sau ɗaya ake nunawa, kaset ɗin kuma wani shirin ake ɗorawa a kansa daga baya. Ƙauyenmu ba wuta, kuma a kwari yake, ko an kafa eriya ba ta kama Sakkwato. Mai son kallo sai ya fito Goronyo, Inna kuwa ko zaure ba ta leƙawa.

Ranar da zan koma Wurno, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, ta kira ni ɗaki.

"Mahbuba, an ce ƙanenki na da abin da ka riƙe shirin akwati."

"Awo, Inna, shina da shi."

"To ki ce mai shi riƙe min Malam. Hoto nai muna da shi, ga na hajji can. Murya tai nika son in ƙara ji."

Ta faɗa ba kuka ba komai, tana tsince wake. Ni ce na fita waje na yi nawa kukan.

Sai na faɗi wani abu game da iyayenmu. Sunan Inna Hassana, amma tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. "Ke" yake cewa, in ya ji daɗi ya ce "uwar ɗiyan ga". Ita kuma "Malam". Ba faɗa suke ba, kunya ce irin ta mutanen da. Yabo kuwa, in Inna ta yi tuwo mai daɗi, iyakar yabon Baba shi ne ya nemi ƙari.

Da na kai wa Zayyanu saƙo, sai ya gyara zama ya hau yi mini lacca, ni da nake koyar da aji shida. Ya nuna mini ramin da wayar eriya ke shiga a bayan katin, ya nuna yadda ake sa kwamfuta ta nemo tasha da kanta, da jan maɓallin da ake dannawa ta fara naɗa. Har ana iya sa mata lokaci ta fara ko ba kowa a wurin.

"Kada ka sa mata lokaci," na ce. "Da hannunka za ka danna, ina tsaye."

"Yaya, mi kika tsoro? Abin ga na naɗe dambe da shi ya hi a ƙirga."

"Dambe ba Baba na ba."

Ranar Lahadi tun azahar ina shagon. Wuta ba ta zo ba, ya tayar da janareta. Hoton da ya fito kamar an watsa masa yashi, don iska ta juya eriyar da ke kan doguwar gora a bayan shago. Ya fita yana murɗa gorar, ni ina ciki ina ƙwala masa kira ta taga, ya yi, ya wuce, dawo kaɗan, tsaya nan. Masu kabu-kabu a tasha suka yi ta mana dariya. Da hoto ya washe ya ɗaure gorar da igiya, ya shigo yana share zufa. Sauti kuwa tangaran, don ya jona sifikunsa biyu kai tsaye a bayan katin, ya ce ta nan suka fi ƙara.

Aka fara shirin, ya danna jan maɓallin. Sai ga Baba da rigar Juma'a a tsakiyar albasa.

Na jawo benci na zauna. Muryarsa ce sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Ya yi bayanin yanke wa albasa ruwa kafin a cire ta, da barin ganye ya kwanta da kansa, da shanya a inuwa, da ɗaga rudu daga ƙasa don iska ta ratsa. Bayanin da muka ji tun muna yara har muka gaji da shi. Can wajen ƙarshe mai gabatarwa ya tambaye shi wa ke zaɓar albasar da za a ajiye, tunda ɗaya in ta ruɓe sai ta ja saura. Baba ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Wanga ba aikina na ba. Hassana ka yin shi. In tat taɓa albasa ta san wadda ba ta kai damana. Ba don hannunta ba, da ba ku zo nan ba."

Ni da Zayyanu muka kalli juna.

Da aka gama na ce ya kunna mu gani. Ya buɗe abin da ya naɗa, hoto ya fito, amma ba sauti.

"Mi yah hana shi magana?"

"Sifikun na jone ga katin. In mun isa gida na maida su ga ramin kwamfuta, sai ki ji shi ras."

"Maida su yanzu."

Ya sunkuya ke nan janareta ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san aikinsa.

Washegari da safe muka ɗauki shatar mota, muka loda kwamfuta da allonta da janareta da galan ɗin mai. Zayyanu ya rungume kwamfutar a cinya tun daga Wurno har gida, duk ramin da mota ta faɗa sai ya harari direba. A tsakar gida muka kafa kaya, ƙarƙashin rumfa, ya ja janareta can bayan turken awaki don kada ƙara ta dame mu. Inna ta fito da tabarmarta ta zauna gaban allon, ta gyara lulluɓi kamar mai jiran baƙo.

Zayyanu ya jona sifiku a ramin kwamfuta, ya danna. Baba ya fito, ya yi ɗan tarinsa, bakinsa ya fara motsi. Shiru.

Ya ƙara murya har ƙarshe, sai wani huci kawai. Ya cire waya ya sake jonawa. Ya kunna wa'azin da ke cikin kwamfutar, malami ya fito da ƙarfi har awaki suka zabura. Ya koma kan Baba, shiru. Ya buɗe damben da ya naɗa a baya, shi ma shiru, ashe bai taɓa lura ba, don shi naushi yake kallo. Sai na ga ya riƙe kai.

Daga baya ne ya yi mini bayani. Akwai wata 'yar gajeruwar waya da ta zo cikin kwalin katin, ita ce ke ɗaukar sauti daga katin ta kai wa kwamfuta. Shi da ya jona sifiku kai tsaye, mu mun ji, kwamfutar ba ta ji ba. Wayar kuwa ya ga ba ta da amfani, ya ɗaure labulen shago da ita.

Abin da ya zo bakina a lokacin, da na faɗe shi da har yau ba ma gaisawa. Na haɗiye don gidan takaba ne, amma raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Zayyanu ya durƙusa gaban Inna, ƙato da shi.

"Inna, muryar ba ta kamu ba. Ki gafarce ni."

Inna ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Tashi. Maido shi hwarko."

Ya mayar. Baba ya sake yin tarinsa ba sauti, ya nuna gona da hannu.

"Nan shina cewa a yanke mata ruwa kahin a cire ta," in ji Inna. "In ba haka ba ta shiga rudu da ƙoshi, ta ruɓe."

Haka ya ce kuwa. Baba ya tsuguna ya kama ganye.

"Shina cewa kada a karya mata wuya, a bari ta kwanta da kanta. Yanzu za shi zagi masu shanya ga rana."

Ya zage su kuwa, cikin ladabi, don talabijin ne. Haka ta yi ta bin sa, tana faɗa kafin hannunsa ya kai, wani wurin har da irin jan maganarsa. Shekara da shekaru tana jin karatun nan a kan tabarma ɗaya. Na ji fushina yana sauka, har na yi dariya da ta ce, "Ku dubi riga, sai ka ce ɗaurin aure za shi."

Sai aka zo wurin da Baba ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Inna ta nuna allon da yatsa.

"Nan ban san mi yac ce ba. Malam ba shi wagga dariya ga zancen albasa. Mi anka tambaye shi?"

Na gaya mata tambayar, na gaya mata amsar, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ta juyo ta dube ni irin kallon da take mini ina yarinya in na ce ban taɓa nama ba.

"Ƙarya kika yi, Mahbuba. Don ki daɗaɗa min rai na."

"Wallahi Inna haka yac ce. Tambayi Zayyanu."

"Haka na, Inna," in ji Zayyanu, kansa a ƙasa.

"Kun haɗa baki. Malam bai kiran sunana cikin ɗaki, sai gaban duniya?"

A nan ne na gane girman abin da 'yar wayar nan ta ci mana. Bayanin albasa Inna tana da shi a ka. Abu ɗaya da ba ta taɓa ji ba, mu biyu muka ji shi a shagon tasha, mu da ba don mu aka faɗa ba.

Inna ta ja tabarmarta ta matso har fuskarta ta kusa taɓa allon.

"Maido shi wurin dariyar."

Zayyanu ya mayar. Baba ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya ɗago, bakinsa ya motsa. Ta ƙura wa bakin ido.

"Ƙara."

Ya ƙara. Wannan karon na ga leɓenta yana bin nasa a hankali. Ta kai gefen lulluɓi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Tun ranar jana'iza ban ga hawayenta ba sai lokacin.

Da ta samu magana, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Zayyanu, akwai sauran mai ga injin?"

"Akwai, Inna."

"To maido shi."