Ƙarƙashin Jan Layi

Hukumar birni ta ware tallafi domin haɗa gine-ginen tsakiyar gari da wayar intanet mai sauri ta faiba. Iyakar tsakiyar garin kuwa, wani ne ya zana ta a kan taswira da jan alƙalami mai kauri. Layin ya sauka daidai kan ginin wata mai ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, ya rufe shi ruf.

Hotunan da take ɗauka asibitoci take tura wa, kowanne yakan ci minti arba'in kafin ya tafi saboda rashin saurin intanet ɗinta. Babban asibitin da ke turo mata marasa lafiya ya ba ta wata biyu ta gyara, ko ya koma wani wurin.

Ta kai fom ɗinta ofishin tallafin. Jami'in ya gyara tabarau, ya duƙa kan taswira.

"Hajiya, ba kya ciki."

"Ina waje ke nan?"

"Ban ce kina waje ba. Kina ƙarƙashin layi."

"Malam, shekara goma sha ɗaya ina ganin huhun mutum ta bayan haƙarƙari. Kai gini mai hawa biyu ne ba ka iya gani ta bayan tawada?"

"Sai kwamiti ya zauna."

Kwamitin bai zauna ba. A mako na biyar wani injiniya ya shigo da takarda, yana neman ta sa hannu a haƙa ramin waya ta bakin ƙofarta zuwa ginin da ke maƙwabtaka da ita. Shekara uku babu kowa a wancan ginin sai tantabaru, amma yana cikin layi.

Ta karanta takardar a tsaye.

"Nan an rubuta, 'Mai gini a tsakiyar gari.' Ni ce?"

"Ke ce mana, Hajiya."

"To ka sako mini wayar. Mita huɗu ne daga ramin zuwa teburina."

"Wannan wani ofishin ne. Ni haƙa kawai nake yi."

"Ashe! Idan fasa daɓena za a yi, ina ciki. Idan waya ce, sai kwamiti."

Ta mayar masa da takardar ba sa hannu.

Masu haƙan ba su sake zuwa ba. Suka zagaya ta kan titi, suka fasa kwalta mita sittin, aka rufe hanya kwana tara. Wayar ta isa ginin tantabaru ranar Talata.

Ranar Alhamis asibitin ya daina turo kowa. Ta zauna ta rubuta wa ma'aikatanta uku takardun shaidar aiki, domin su nemi wani wuri.