Sha-Yawo da Koren Labule

Rashin zama wuri ɗaya ciwo ne, kuma mai shi ba ya sanin yana ɗauke da shi sai ranar da ya kayar da shi.

Akwai wani mai zane a kamfanin yadi, shi ke fitar da zanen labule da launinsa kafin a kai wa masu rini. Hannunsa na da kyau, wannan ba a ja. Da kamfani ya ce kowa ya yi aikinsa inda ya ga dama, in dai zai kawo a kan kari, sauran ma'aikata suka zaɓi gida ko ofis suka natsu. Shi kuwa kamar an kwance wa akuya igiya. Abokan aiki suka laƙaba masa Sha-Yawo.

Da farko abin ya karɓe shi. Sauyin wuri ya buɗe masa kai, har ya ga inuwar ganye a bangon tashar mota ya mai da ita zane, Manaja ya yaba. Aka danƙa masa labulen wani sabon otal, aka ce in ya yi kyau shi zai shugabanci sashen zane.

Tun daga nan kujera ta zame masa ƙaya. Da safe yana teburin cin abinci, kwamfuta tsakanin kofunan yara. Da hantsi yana shagon shayi. Kafin shayin ya huce ya ji hayaniya ta ishe shi, sai ɗakin karatu. Can kuma shirun ya dame shi, sai cikin mota a bakin titi. Dabara ta zo masa, ya ce bari ya kai ta inda ya fi daɗi, ta zube a hanya. Caja a nan, takardun launi a can. Baya ya ƙage, barci ya zama gutsi-gutsi.

Wata safiya yana saɓa jaka matarsa ta tare ƙofa.

"Baban yara, yau kuma ina aka nufa? Ko in tambayi jakar, tunda ta fi ni ganinka?"

"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi," ya ce yana laluben makulli.

"Kifin ai a ruwa ɗaya yake yawonsa. Dubi wuyanka, kamar mariƙin lema."

Ya yi dariyar yaƙe ya wuce.

To, sana'ar tana da ƙa'ida, kuma ya san ta sarai: launin yadi ɗaya a haske ɗaya ake zaɓarsa, a teburin ofis mai fitilar gwaji. Amma ofis ya zame masa kurkuku. Labulen kore ne, ganye bisa ganye. Ya zaɓi koren sama a ƙarƙashin jan ƙwan shagon shayi, na tsakiya a farin hasken ɗakin karatu, na ƙasa a tagar mota rana na dukansa. Kowanne ya yi kyau a inda aka zaɓe shi. Bai taɓa jera su wuri guda ba, don bai zauna ba balle ya jera. Ya aika wa masu rini haka. Ba a haɗa gudu da susar baya.

Ranar nuni aka rataye labulen a zauren kamfani. Sama kamar gansakuka, tsakiya kamar ɗanyen lemun tsami, ƙasa kamar kakin soja. Mai otal ta shafa yadin, ta yi godiya, ta fita.

Manaja ya juyo. "Malam, mutum nawa suka zana wannan?"

"Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe."

"A'a. Na ga hannun mutum uku, kuma ba sa ga maciji da juna. A ina ka gwada launin?"

Sha-Yawo ya shiga lissafa wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ko a lokacin ƙafarsa ƙaiƙayin tafiya take, idonsa na kan ƙofa.

Garin neman gira ya rasa ido. Aikin otal ya koma hannun wata abokiyar aikinsa, shugabancin sashe ya bi aikin. Yadin da aka rina aka yayyanka shi ana goge injuna da shi. Izinin aiki a waje aka janye masa, shi kaɗai a duk kamfanin. Abin da ya rage masa ciwon baya ne, da kujera ɗaya a gaban ofishin Manaja.