Zoɓo da Butar Likita

Shekarar da Mijinyawa mai goro na kasuwar Adjamé ya yi niyyar Makka, masu jirgi suka ce ba mai hawa sai likita ya sa masa hannu. Likitan wani Bafaranshe ne a unguwar Treichville, hayin gada. Ya ɗaura masa roba a damtse, ya hura, ya ce jini ya hau, ya dawo Alhamis. In ya sake hawa, bana ba Makka.

Nomau, maƙwabcinsa a kasuwa, wanda bai taɓa jinyar ko akuya ba, ya ce maganin abin zoɓo ne ba sukari. Ranar Alhamis Mijinyawa ya shanye ƙwarya guda, ya ƙara rabi, ya hau bas ya haye gada.

Layi ya yi tsawo. Kafin hantsi zoɓo ya nemi hanya. Ya leƙa makewayin asibitin, ya tarar ana yi a tsaye kamar jakai, ga shi ba buta. Ya dawo ya zauna. Mai zuwa ɗakin Allah ba ya tashi ba tsarki.

Da aka kira shi, ya shiga yana tafiyar mai sabuwar kaciya. Likita ya hura roba, ya dubi allurar ma'aunin, ya yi fito. Harouna tafinta ya ce yau ya fi na rannan. Likita zai sallame shi ke nan, ya lura gwiwoyinsa na karo da juna. Ya yi magana.

"Baba, wai fitsari kake ji?" in ji Harouna.

"Ce masa jinina na kawo, ba marata ba."

"Ya ce mara in ta cika, jini hawa yake. Ka rage, a sake awo."

"Ba buta."

Likita ya ɗaga kafaɗa, ya shige ɗakin ciki. A kan teburinsa akwai butar kofi, fara sol. Mijinyawa ya dube ta, ya dubi Harouna. Harouna ya dubi rufi.

Mijinyawa ya juye kofin da ke cikinta a tukunyar fure, ya cika butar a famfo, ya zaga bayan katanga ya tsuguna. Ya daɗe. Ya ɗauraye ta kafin ya mayar, don shi ba azzalumi ba ne.

Aka sake ɗaurawa, allura ta sauka. Likita ya sa hannu, ya girgiza butarsa, ya ji ba komai, ya aika a dafa wani kofin.

Nomau ya cika kasuwa da labarin zoɓonsa. Alhaji Mijinyawa bai taɓa musa masa ba.