Sunan Surukin Mushe Aisami

A ƙarshen shekarar 1935 wata takarda ta iso lakwal ɗin Gure, wato makarantar boko, daga Dakar. Wata majalisar masana ce ta aiko, tana cewa duk malamin lakwal ɗan ƙasa da ke son yin bincike a kan wani sani na mutanensa ya rubuto a duba. Wanda aka amince masa za a ba shi hutu daga aji, da abin hawa, da takardun rubutu. Majalisar kuwa sau ɗaya take zama a shekara.

Mushe Aisami, malamin lakwal ɗin (Mushe ake ce wa malamin boko, daga Faransanci), bai yi dogon tunani ba, don abin binciken yana nan kusa da gidansa yana shan inuwa. Surukinsa ne, mahaifin matarsa Mairamu, tsohon mai haƙar rijiya, sunansa Garbai. Ni ina iya faɗin sunan, tunda ba 'yarsa nake aure ba.

Daga Bune har Alakos, in makiyaya suna son rijiya, Garbai suke ɗaukowa. Yakan tsaya a bakin kwari ya dubi launin yashi, da yadda ciyawa ta kwanta, da inda tururuwa suka yi gida, ya ce a haƙa nan, gaba huɗu za a tarar da ruwan daɗi, can kuwa kanwa ce zalla. Ba shi da ɗan da ya gaji sana'ar, ga idonsa na hagu ya fara yin yana. Aisami ya sha tambayarsa a gida, amsar ɗaya ce kullum: sai mun je ka gani da idonka. Malamin lakwal kuwa ba ya barin aji ya shiga daji ba da izini ba.

Sai ya zauna ya cika takardar da kyakkyawan rubutunsa na Faransanci. Ya nemi raƙuma biyu da wata uku na rani. Komai ya tafi daidai har ya iso layin da aka ce a rubuta sunan wanda za a ɗauki sanin daga bakinsa. Nan alƙalami ya tsaya. Shekara bakwai da aurensa, sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ko wani Garbai ya gamu da shi a kasuwa, mai sunan Baba yake ce masa. Ba wanda ya taɓa faɗa masa hukuncin rubutawa, amma ya ga bai kamata hannu ya yi abin da baki ya ƙi ba. Ya rubuta: wani dattijo na gidanmu.

Kumandan Gure, Nasaran da ke mulkin yankin, ya sa hannu bai karanta ba. Takarda ta hau raƙumin wasiƙu zuwa Damagaram, aka buga mata hatimi. Ta shiga mota zuwa Yamai, aka ƙara wani, sannan ta wuce Dakar. Bayan wata bakwai ta dawo ta hanyar da ta bi, kowane biro, wato ofishin gwamnati, ya sake buga nasa. An zagaye layi ɗaya da jan tawada, an ce babu suna, a cika a sake aikowa. Majalisa ta riga ta zauna ta tashi, sai baɗi.

Haruna, tafintan kumandan, shi ya miƙa wa Aisami ita a biro.

"Mushe, suna kawai suke so. Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba."

"To wane ne dattijon?"

"Kai ma ka san shi. Baban Mairamu."

Haruna ya yi dariya har ya dafa tebur. "Yau ga mutumin da ya yi karatu har Yamai! Nasaran Dakar sun san Mairamu ne? Miƙo alƙalamin nan."

Ya rubuta sunan kafin mutum ya kurɓi ruwa ya ajiye moɗa. Aisami ya juya fuska yana duban taga har aka gama. Da ya roƙi Haruna haka tun bara da an wuce wurin, amma roƙon ma kunyarsa ya ji.

Takarda ta sake kama hanya. Ta kwana inda takardu ke kwana, ta jira majalisa ta zauna, amsa ta iso Gure bayan kakar 1937. An amince: raƙuma biyu, wata uku, da littattafan rubutu huɗu. Kumandan da kansa ya ba Aisami hannu.

Kafin nan yanar ta riga ta rufe wa Garbai ido duka biyu. Haske da duhu kawai yake rarrabewa. Mairamu ta ce a haƙura da tafiyar. Tsohon ya ce tunda an kawo raƙuma har ƙofar gida, a ɗora shi.

Suka nufi wajen Bune. In lokacin cin abinci ya yi, Aisami yakan ajiye wa tsohon nasa, shi kuma ya zagaya bayan raƙumi ya ci, ko da yake wanda yake jin kunyar ba ya ganinsa. Ran kwana na biyu da hantsi suka iso kwarin farko. Garbai ya sauka, ya ɗebi yashi ya murza, ya zubar.

"Hannu da harshe sai an haƙa suke aiki," in ji shi. "Faɗa mini abin da kake gani."

"Yashi ne, Baba, da ciyawa."

"Yashin fari ne ko ja-ja?"

"Fari ne. Ta wancan gefen kuma kamar ja."

"Ciyawar fa?"

"Busasshiya ce."

"Da rani kowace ciyawa busasshiya ce, Mushe."

Aisami ya tsinko ya sa masa a hannu. Tsohon ya shafa ya ce wannan ƙarangiya ce, ko'ina akwai ta. Wadda yake nema daga nesa ake gane ta, ta yadda take bin ƙasa kamar an ja igiya, kuma bai san mata suna ba, ganinta kawai ya sani. Aisami ya duba gabas ya duba yamma, duk iri ɗaya ya gani. Sun gwada kwari uku cikin kwana biyar. Abin da ya shiga littafin bai cika rabin shafi ba.

A kwari na uku Garbai ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu.

"Haruna ya faɗa mini abin da ya dawo da takardar nan."

Aisami ya sunkuyar da kai. "Kunya ce, Baba."

"Na sani. Ka kyauta, ɗan mutunci ne kai." Ya juyo da fuskarsa wajen Aisami. "Bara war haka, idona na dama yana hango gidan tururuwa daga kan raƙumi. Sunan nan kuwa, makiyaya kullum ƙwala shi suke a kasuwar Gure, ban ga ya ragu ba. Ɗora ni mu koma gida."

Baƙin ciki ya kama Aisami, amma ba a mayar wa suruki magana. Ya durƙusar da raƙumi ya ɗora shi.

Majalisa ta sharɗanta cewa duk wanda aka amince masa ya aiko da rahoto. Aisami ya maido raƙuman biro, ya ajiye littattafai uku da bai buɗe ba, ya zauna a ajinsa bayan an tashi. A layin farko ya rubuta Garbai da hannunsa. Ya daɗe yana duban sunan, ba abin da ya faru. Sai ya kwafe ɗan abin da ke cikin littafin a ƙarƙashinsa.

Rahoton shafi ɗaya ne. Ya bi ta Damagaram, ya bi ta Yamai, kowane biro ya buga hatiminsa. Wannan karon bai dawo ba, don akwai suna.