Tsanin da Suka Kafa a Katanga

Tun da katako ya faɗo wa yayana Lucek a masana'anta ƙafafunsa suka mutu, bakinsa ma ya mutu. Yana zaune a keken guragu a hawa na huɗu a benenmu na garin Radom, fuska ga taga. Ka gaishe shi ya ɗaga gira. Ni kuwa ba na iya zama wuri guda, shirunsa cin raina yake yi, tsoro nake kada in rasa shi alhali yana numfashi.

Da can kullum muna tsohon taragon nan na bakin kasuwa, inda aka jera injinan wasa cikin hayaƙin taba. Wasanmu na sojoji biyu ne, ja nasa shuɗi nawa, kafaɗa da kafaɗa, yana zagina ina ramawa. Shi ya sa ranar da na ga hoton sojojin a kan wani kaset ruwan ɗorawa a shimfiɗar wani Barashe mai sayar da kaya a kasuwa, na saye shi har da na'urar gida. Ban ko taya ba.

Mama tana yanka kabeji ta ce, "Mirek, idan ka ƙona min talabijin, kai za ka koma karanta min labarai."

Na haɗa wayoyi, na hura kaset ɗin, na danna. Kai, an cuci wasan nan! Sojan ya zama kamar ƙwaro, kala uku kacal, kiɗan kuwa sai ka ce sauro a kunne. Na tura keken Lucek gaban talabijin, na ɗora masa makamar sarrafa wasan ɗaya a cinya, na riƙe ɗaya.

Wasa ya fara da sojan Lucek. Na latsa tawa, shiru. Na jijjiga waya, na sake latsawa. Ashe na'urar ba ta iya ɗaukar sojoji biyu tare, sai masu yin na gida suka mayar da shi bi da bi: na biyu ba ya shiga sai na farko ya mutu. Lucek kuwa ba mutuwa yake ba. Na tashi, na zauna, na leƙa taga, na dawo, na ci ɗanyen kabeji Mama ta make min hannu. Shi ko kallona bai yi ba. Na sayo masa sabon abin da zai yi shi kaɗai ke nan, haushi kamar in fasa na'urar.

Har ya iso babbar katanga. A tarago, nan ɗaya yake durƙusawa ɗaya ya taka bayansa ya haye, sannan ya jawo ɗan'uwansa. A na gida sun kafa tsani.

Sojan ya tsaya a gindinsa.

"Hau mana, Yaya," na ce. "Lokaci na ƙarewa."

"Tsani," in ji shi. Muryar ta dushe don rashin amfani. Mama ta daina yanka.

"To ka hau!"

"Kai jaki ne? Wa ya taɓa hawa nan ba da bayanka ba?"

Ya saki makamar. Muna kallo lokaci ya cinye, sojan ya kife. Shuɗi ya fito a allon.

"Sai ka yi sauri ka iso katangar," ya ce. "Kuma ka hau tsanin nan ka gani, ko a zaune sai na karya ka."